Kwanan Kwalekwale a Gulbin Rima

Yaron da ya tashi a Unguwar Rogo ruwa iri biyu ya sani: na famfo, ranar da aka sako shi, da na 'yan ga-ruwa masu turo kura cike da jarkoki tun da sassafe. Gulbi kuwa ta tagar mota yake ganinsa, in hanya ta bi da shi ta kan gada, kafin ya gyara zama an wuce. Alhali Sakkwato garin gulbi ne. Da Muhammadu Bello ɗan Shehu ya tashi kafa garin a 1809, bisa tudu ya aza shi, tudun da ke leƙen fadamar da Gulbin Sakkwato da Gulbin Rima suke ratsawa kafin su haɗe a yamma da birni. Tudu ya ba da tsaro, fadama ta ba da abinci. Mu da muka gaji zaman tudun mun riƙe shi gam, mun juya wa fadamar baya, har da yawanmu in ka tsayar da su a kan gada ba za su iya ce maka wannan ne Rima ba.

Abin da ya tayar mini da wannan tafiya labari ne da wani abokina ya ba ni bayan ya dawo daga karatu a Ingila. Ya ce a can akwai masu ƙananan jiragen ruwa da iska ke turawa. Ranar Juma'a da yamma sai mutum ya kwance jirginsa, ya ɗan gusa daga gaɓa, ya sami lungun da ruwa ya kwanta, ya jefa anka, ya zauna nan har Lahadi yana hango fitilun garinsu. Bai yi nisa da gida ba, amma ya dawo da labari. Mu ba mu da jirgin iska a Rima, gulbin bai yi faɗin da zai ɗauke shi ba. Muna dai da kwalekwale, muna da Sarkawa, waɗanda kwana a kan ruwa sana'arsu ce tun kaka da kakanni. Ga kuma halin da ake ciki: hanyoyin gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, 'yan bindiga sun sa ba mai kama su don yawon buɗe ido. Wanda yake son ganin ƙasarsa a yanzu, da abin da ke kusa zai fara.

Mai kifin da nake ciniki da shi ne ya haɗa ni da wani dattijo Basarke a Kwalkwalawa, ƙauyen nan na bakin Rima da ke kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da na je masa da buƙatata bai amsa nan take ba. Sai da ya kai ni gaban Sarkin Ruwan yankin aka gaisa, aka san ko ni wane ne, daga wace unguwa, me nake nema. Baƙo ba ya kwana a ruwan mutane ba da sanin masu ruwan ba, balle a irin wannan zamani. Da muka fito ya dube ni.

"Malam, ka iya ruwa?"

Na ce, "Gwargwado dai, Baba."

"To, iya ruwa hidda kai. Ka biɗo rigar ruwa ka taho da ita. Ka taho da bargo da gidan sauro. In mun shiga jirgi, ba a miƙewa tsaye sai na ce."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na hau Keke Napep daga unguwa zuwa Dandima, daga nan na shiga motar da ke bin hanyar jami'a. Watan Nuwamba ne, damina ta ɗauke, hunturu ya fara leƙowa. Mota na gangarawa daga tudun birni iska ta sauya, ƙurar gari ta koma baya, ƙanshin ɗanyar laka da na karan shinkafa ya taso. Dama da hagu masu yankan shinkafa ne, wasu na sussuka, wasu har sun fara tayar da fangalin albasa da tattasai da tafarnuwa a inda ruwa ya janye. Wannan hanyar ce ambaliyar watan Satumba na 2010 ta yanke, lokacin da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya kwararo ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya raba jami'a da gari. A waɗancan kwanaki kowa, babba da yaro, hannun Sarkawa ya koma kallo, domin sai da kwalekwale ake ƙetarewa. Ruwa na janyewa aka sake mantawa da su.

Kwalekwalen Baba na katako ne, an haɗa allunan da ƙusa, an toshe tsagoginsu da tsumma da kwalta. Mu uku ne a ciki: shi, da jikansa da bai wuce shekara goma sha biyu ba, da ni. Akwai doguwar gwangwala ta tuƙi, da filafili, da ƙoƙon kwarfe ruwa, da kurfoti da tukunya da buta, da tarin raga a goshin jirgin. A tsakiya an jera kara an ɗora tabarma, nan ne makwancina. Kafin ya tura jirgin ya karanta addu'ar Annabi Nuhu (AS) da ke cikin Suratu Hud, wadda ake ambaton sunan Allah a kan tafiyar jirgi da kuma tsayawarsa.

Tsayawar kuwa ilimi ce mai zaman kanta, kuma a nan na fara gane cewa da malami nake tafiya. Mun bi ruwa mun gangara har gada ta ɓace a bayan kwana, ƙarar motoci ta dushe. Na nuna masa wata inuwa a gindin doguwar gaɓa, ya girgiza kai: irin wannan gaɓa ruwa yana cinta ta ƙasa, tana iya ruftowa cikin dare. Cikin burgu da kainuwa matattarar sauro ce da macizai. Tsakiyar gulbi ƙarfin ruwa ba zai bar jirgi ya huta ba, ga itatuwan da yake kwasowa daga sama. Abin da yake nema shi ne bayan tsibirin yashi, ta gefen da ruwa ya riga ya wuce, inda yake kwanciya luf. Da ya samu sai ya soka gwangwalar cikin laka da ƙarfinsa, ya jijjiga ta har ta kama, ya ɗaure goshin jirgin a jikinta. Yaron ya saki wani dutse mai igiya ta baya don kada jirgin ya riƙa juyawa. Sannan dattijon ya sauka ya kafa karan dawa a kan yashi, daidai bakin ruwa. Na tambaye shi amfaninsa.

"Shi ka gaya muna in an sako ruwa Goronyo. In ka tashi cikin dare ka ishe ruwa ya hau kara, ka tashe ni."

Magariba ta same mu a nan. Injinan ban-ruwa da suka wuni suna ruri suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, sai kiran salla ya cika wurin, daga Kwalkwalawa, daga wajen Dundaye, da wani siriri daga can birni. Balbelu suka wuce jere-jere zuwa makwancinsu. Wani Bafulatani ya ƙetarar da shanunsa ta mashigi, ruwa iya ƙirjinsu, 'yan maruƙa na ninƙaya a gefen iyayensu. Muka yi salla a kan yashi, wanda har lokacin bai saki ɗumin rana ba. Yaron ya ciro tarwaɗa biyu daga wani undurutu da suka ajiye tun safe, aka dafa su da albasa da tattasai da daddawa, muka ci da tuwon shinkafar da aka ƙunso daga gida. Ban taɓa cin kifin da ya kai wannan zaƙi ba, kuma dalilin a fili yake: daga ruwa sai tukunya.

Da aka ɗora shayi hira ta buɗe. Na tambaye shi yadda gulbin yake a ƙuruciyarsa.

"Can dauri, in ruwa ya taho, daga nan har gindin tudun birni ba ka ganin ƙasa. Tun da anka ɗaure gulbi Bakalori da Goronyo, ruwa ba shi zuwa da lokacinai, sai da lokacin mai makulli."

Maganarsa tana da tarihi a bayanta. Madatsar Bakalori, wadda ke kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, an gama ta a 1978, kuma a watan Afrilu na 1980 manoman da aikin ya ci gonakinsu suka tayar da ƙayar baya a kan diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da dama. Ta Goronyo, wadda ke kan Rima, an gama ta a 1984, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ba zan ce madatsun nan sharri ne zalla ba. Ruwan da ake sakowa daga Goronyo ne yake hana Rima ƙafewa da bazara, shi ake tacewa a tura wa famfunan birni, shi ne kuma ya sa noman rani ya kafu a wannan fadama. A farkon 2018, da ruwan madatsar ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na abin da take ɗauka, hankalin Sakkwato duka ya tashi. Amma abin da aka ba manomin rani daga hannun masunci aka karɓe shi. Kifin gulbi da ambaliya yake haihuwa. In ruwa ya cika ya malala cikin fadama, kifi yana binsa ya zuba ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su ci su girma a wurin da manyan kifaye ba sa iya kai musu, sannan su dawo gulbi in ruwa ya fara ja da baya. Waɗanda suka maƙale a tafkuna su ne ake taruwa a yi su a kansu da rani. In ambaliyar ta gajarta, ko ta zo a makare, ko ta zo gaba ɗaya a dare guda don an buɗe ƙofofi, wannan tsari ya lalace. Haka ma shinkafar fadama ta gargajiya, wadda ke tsawo tare da hawan ruwa a hankali. Baba bai karanta wannan a littafi ba, a ragarsa ya gani shekara bayan shekara. Abin da ya dame ni shi ne mai makullin da mai ragar ba sa zama inuwa ɗaya su yi magana. Da ana sanar da ƙauyukan bakin gulbi ranar da za a saki ruwa, a kan kari kuma ta bakin sarakunan ruwansu, da tsoho bai dogara da karan dawa ba.

Dare ya raba, sanyi ya sauko, irin sanyin da ɗakin siminti ba ya bari mutum ya sani. Raɓa ta jiƙa bargo ta sama. Jirgin yana ɗan lilo kamar uwa na jijjiga goyo, ruwa na lasar katako a daidai kunnena. Daga kudu hasken birni ya yi ja a gindin sama, can gefen yamma kuma fitilun masana'antar siminti ta Kalambaina. A bisa kai ga Kaza da 'Ya'yanta tar, taurarin da fitilun unguwa suka daɗe da ɓoye mana. Lokaci-lokaci kifi ya yi tsalle, ko kirinjijiya su wuce suna fito. Na haska karan da tocila, ruwa yana inda aka bar shi, na koma barci.

Asuba ta fari Baba ya kwance jirgi muka bi ragar da ya shimfiɗa da yamma. Hazo ya kwanta a kan ruwa, ba ka ganin gaɓa, amma yana zuwa kan kowane gora da ya sa alama kai tsaye. Yana ja yana ciro kifi, yaron na jefawa cikin jirgi. Ƙarfasa ta fi yawa, sai kurungu mai ƙaya uku, wanda ke gurnani in an fito da shi, sai tarwaɗa. Wata minjirya ta fito, yaron ya ce mini, "Kawu, janye ƙafarka," domin ita wutar lantarki gare ta a jiki. Daga nan suka duba mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ba a sa musu koto, kifi ne ke gogar su ya maƙale. Da gari ya waye dattijon ya tsaya a goshin jirgi ya watsa birgi, ta buɗe a sama ta faɗa ruwa a zagaye. Jifa na farko ta fito wayam. Ya yi murmushi ya ce, "Kihi na ganinka, mai jar koma." Ya matsa gaba kaɗan, jifa na biyu ta fito da nauyi.

Duk abin da aka kama bai cika kwando ba, kuma yawancinsu ba su wuce tafin hannu ba. Giwan ruwa, in ji shi, ya daɗe bai gan ta a wannan yanki ba. Bai ɗora wa madatsa laifin duka ba. Akwai masu kamun kifi da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako, akwai masu zuba guba a tafki su kwashe na kwashewa su bar sauran su ruɓe. A da Sarkin Ruwa yana rufe wani yanki na gulbi, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya buɗe, kuma maganarsa ta zauna. Wannan dokar ce har yau take riƙe da Matan Fada a Argungu, inda ake hana su sai ranar biki. Bikin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Mutane suna ganin ƙaton kifin da ake fitowa da shi a can suna mamaki. Ba wani asiri ba ne illa an bar ruwan ya huta. Ruwa ɗaya ne da namu, wanda ya wuce ta ƙarƙashin jirginmu shi ne zai isa Argungu.

Wunin Asabar a ɗaure muka yi shi, bakin gulbi na ta hidimarsa. Dillalai sun zo sun kwashi kifi, mata na banda a bayan gari, samari na nutso suna cika jirage da yashi don masu tifa. Yara kuwa tun hantsi suke cikin ruwa. Da yawansu suna fama da tsargiya, fitsarin jinin da ake ɗauka daga wata ƙwayar cuta da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata. Tana da magani a asibiti, kuma bai kamata a ci gaba da ɗaukarta a matsayin alamar girman ɗa namiji ba.

Wajen la'asar na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Wani jirgin fito ya ɗauko manoma daga ƙetare, da buhunan shinkafa da babur da mata masu goyo, bakinsa da ruwa bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Ba mai rigar ruwa ko ɗaya. Wanda ya yi atishawa da ƙarfi zai iya kifar da su. Sun ƙetare lafiya, Allah ya kiyaye, amma ba kullum ake kwana a gado ba. A watan Afrilu na 2022 mutum 29, yawancinsu yara da matasa, suka rasu da jirginsu ya kife a gulbin Shagari. A watan Agusta na 2024 jirgin manoma ya kife a Dundaye, nan kusa da inda muke. A watan Agusta na 2025 wani da ya ɗauko fiye da mutum 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Kowane karo akan yi jaje, a kai buhunan abinci, a yi alkawari. Na ce wa Baba me ya sa matuƙa ke yarda su yi irin wannan lodi.

"Jirgi guda, mutane ɗari, rana tana faɗuwa. Wa za ka bari baya? Ku mutanen birni ba ku tuna gulbi sai ranar da yac ci mutum ko yac ci gona."

Ban sami abin ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Matuƙin da ya yi lodi ya wuce kima yana da nasa laifin, amma ƙarin jirage a mashigai masu cunkoso, da rigunan ruwa da za a damƙa a hannun sarakunan ruwa su riƙa ba fasinja suna karɓa, ba abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba ne, balle jiha.

Daren Asabar wayewar Lahadi iska ta taso daga gabas, Baba ya ƙara igiya, muka kwanta da wuri. Ina kwance ina bin ruwan nan da tunani. Wani sashensa daga ƙasar Katsina ya taso, ya shiga Nijar ya wuce ta Maraɗi, ya dawo Nijeriya ya faɗa Rima. Ya bi ta kusa da kufan Alkalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ya wuce Wurno inda Sarkin Musulmi Bello yake kwance tun 1837. Daga nan zai haɗu da Gulbin Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kwara, ya tafi teku. A 1824 wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, ya ratso hamada ya iso Sakkwato yana neman sanin inda Kwara take ƙarewa, har Sarkin Musulmi Bello ya ba shi taswira. Ya sake dawowa, ajali ya same shi a nan a 1827, kuma yaronsa Richard Lander ne ya bi kogin har bakin teku a 1830. Mutum ya bar ƙasarsu ya mutu a tamu saboda tambayar inda ruwanmu yake zuwa, mu kuwa kuɗin Keke Napep ne tsakaninmu da shi.

Da hantsin Lahadi aka zare gwangwala. Komowa ta fi tafiya wuya, don gaba da ruwa ake yi, Baba na bin gefe-gefe inda ƙarfinsa ya ragu, yaron na taya shi da filafili. A bakin gada na sallame su, na sayi ƙarfasa ta miyan gida, kafin azahar ina Unguwar Rogo.

Wanda yake son ya gwada, ya bari sai damina ta wuce ruwa ya kwanta, daga Nuwamba zuwa Janairu. Kada ya je da ka, ya bi ta hannun Sarkin Ruwa, ya tafi da Basarken da ya san wurin, ya sa rigar ruwa tun daga gaɓa, ya ɗauki ruwan shansa, ya dawo da ledojinsa gida. Ya biya dattijon haƙƙinsa da daraja, don ilimi ya saya. Malaman makarantun birni kuma, ko wuni guda ne, ku kai ɗalibanku Kwalkwalawa su zauna gaban Sarkawa, su ga inda ruwan da suke sha yake fitowa.